Kansul ta janye tallafin girkin Asabar: mu bi su da ƙorafi ko mu nemi wata ƙofa?

Maman Iman
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, yau da damuwa na zo. Jiya takarda ta iso daga kansul ɗin garinmu, wato ƙaramar hukumarmu a nan Ingila, wai daga watan Afrilu ba za su sabunta tallafin da suke ba mu na girkin Asabar ba. Waɗanda suka daɗe a wannan zaure sun san zancen. Shekara huɗu ke nan mu mata bakwai muna ɗora tukunya duk Asabar a wani ɗakin taro na unguwa, duk wanda ya shigo a zuba masa, ba a tambayar addininsa balle takardunsa. Fam dubu huɗu suke ba mu a shekara, kuma kusan duka a hayar ɗakin da inshora yake ƙarewa. Shinkafa da mai da kaji daga jakunkunanmu suke fitowa. Takardar cike take da yabo, har da cewa gari yana alfahari da mu, sai a layin ƙarshe suka yanke igiyar. Wallahi daren jiya ban runtsa ba. Shawara nake nema: mu bi su da ƙorafi ne, ko mu nemi wata ƙofa, ko mu kife tukunya mu huta?

Ɗan Katsina
Wa alaikumus salam Anti. Kife tukunya kuma? Ai ba alfarma suke yi muku ba, kuɗinmu ne. Duk wata sai harajin gida ya fita daga asusuna ko ina so ko ba na so, kuma duk Afrilu sai sun ƙara wani abu a kai. Ku tara sa hannun mutanen da ke cin abincin nan, ku je zaman majalisar ku tsaya a gabansu, ku kira 'yan jarida. Mutanen nan kunya suke tsoro fiye da komai.

Anti Nas
Innalillahi. Maman Iman, don Allah kada ku daina. Ni na san waɗanda wannan kwanon na Asabar shi ne abinci mai zafi ɗaya tilo da suke gani a mako.

Kawu Akanta
Sannu Maman Iman, Allah ya ba da lada. Ɗan Katsina, ban ƙi ta taka ba, amma kafin a ɗaga kwalaye ya kamata a san da wa ake faɗa. Kuɗin kansul a Ingila kashi biyu ne a idon doka. Akwai ayyukan da dole ne ta yi ko da za ta sayar da kujerun ofis: kula da tsofaffi da masu naƙasa, kare yara, samar wa iyalan da suka rasa muhalli wurin kwana, kwashe shara. Akwai kuma waɗanda ganin dama ne, in ta so ta yi, in ba ta so ba babu kotun da za ta tilasta mata. Tallafin ƙungiyoyi irin taku yana kashi na biyu. Daga 2010 gwamnatin tsakiya ta shafe shekaru tana rage abin da take turo wa kansuloli, a daidai lokacin da kuɗin kula da tsofaffi da yara yake hauhawa. To idan an zo yanka, wuƙa ba ta da inda za ta sauka sai kan abin da ba dole ba.

Ku dubi Birmingham, wadda ita ce babbar kansul a duk Birtaniya, kansiloli 101, mutane sama da miliyan ɗaya. Ranar 5 ga Satumba 2023 ta fitar da sanarwar sashe na 114, ma'ana ta amsa da bakinta cewa abin da ke shigowa ba zai rufe abin da ke fita ba. Da zarar an yi wannan sanarwa, duk wani sabon kashe kuɗi da ba na dole ba sai ya tsaya. Abu biyu suka faɗa a matsayin dalili. Na farko bashin mata ma'aikata da aka daɗe ana biyansu ƙasa da maza a aiki mai daraja ɗaya, wanda a lokacin aka ƙiyasta zai iya kaiwa fam miliyan 760, bayan fiye da biliyan ɗaya da aka riga aka biya a baya. Na biyu manhajar lissafi ta Oracle da aka ce fam miliyan 19 za ta ci, ta doshi miliyan 100 kuma ba ta yi aiki yadda ya kamata ba. Gwamnati ta turo kwamishinoni suka zauna musu a wuya. A Maris 2024 aka amince da rage fam miliyan 300 cikin shekara biyu, aka ƙara harajin gida da kusan kashi 10 cikin ɗari a shekarar farko. Manyan cibiyoyin al'adu na garin, masu suna a duniya, an yanke musu rabin tallafi a shekarar, shekara ta gaba aka ce ko kwabo babu. Idan an yi wa masu ofis da lauyoyi haka, ina ga tukunyar mata bakwai?

Ɗan Katsina
To Kawu, ai ka ƙara min ƙarfi ne. Wa ya sayo manhajar? Matan da ke dafa shinkafa ne? Manya su yi ɓarna, talaka ya biya da ƙarin haraji, sannan a ƙwace masa ɗan abin da yake samu. Ashe abin da muka gudo a gida shi ne a nan, sai dai nan da kwat da lakataye ake yi.

Kawu Akanta
Ƙanina, ban ce adalci ba ne. Na ce haka doka ta tsara jerin waɗanda za a fara biya. Kuma ba Birmingham kaɗai ba. Northamptonshire ta faɗi a 2018, Croydon a 2020, Slough a 2021, Thurrock a 2022. Woking, ɗan ƙaramin gari da ke da masallacin Shah Jahan na 1889, ta ciwo bashin da ya doshi fam biliyan biyu wajen gina dogayen benaye, ta faɗi a Yuni 2023, kuma cikin waɗanda aka fara janye wa tallafi har da ofishin Citizens Advice na garin, wato wurin da mai bashi yake zuwa neman shawara. Nottingham ta biyo baya a Nuwamba na wannan shekarar. Kansul ɗin su Maman Iman tana kallon waɗannan ne, gemun maƙwabci ya kama da wuta tana shafa wa nata ruwa.

Hajiya Babba
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni kun san ban cika rubutu ba, jikata ce take danna min. Maman Iman, tun ranar da kika gaya min kun karɓi kuɗin nan na ce miki kayan aro ba ya rufe katara, kika yi dariya. Na fi shekara talatin a ƙasar nan. Lokacin da muka zo babu wani tallafi, adashi muke yi, in an yi rasuwa mu haɗa kuɗin makara, in ɗalibi ya rasa wurin kwana a shimfiɗa masa a falo. Ba mu cike fom ɗin kowa ba.

Kuma akwai abin da yaran yanzu ba su gani ba. A 2010 an wayi gari an kafa kyamarori sama da 200 a Sparkbrook da Washwood Heath, unguwannin Musulmi a Birmingham, aka ce don maganin ɓarayi ne. Daga baya ta fito fili cewa daga asusun yaƙi da ta'addanci kuɗin ya fito. 'Yan sanda suka ba da haƙuri, aka cire su. Tun daga nan duk kuɗin hukuma da ya nufo unguwarmu sai na tambayi me ke ƙarƙashinsa. Wanda ya ba ka, shi ke da bakin tambayarka su wa suka zo, me suka ce.

Maman Iman
Hajiya, Allah ya ƙara girma, na tuna kin faɗa. Amma tsakani da Allah ba su taɓa tambayarmu sunan kowa ba. Adadi kawai suke so duk wata uku, mutum nawa suka ci, yara nawa, sai rasit. Wahalarsa dai ita ce takardu. Sai da kowacce cikinmu ta yi kwas ɗin tsaftar abinci, aka yi mana binciken DBS, wato a duba ko mutum yana da tarihin laifi, saboda yara suna zuwa, muka rubuta duk abin da ke cikin miya muka manna a bango. Har yajin tsire sai da muka daina sawa saboda ƙuli-ƙulin da ke ciki, gyaɗa tana iya kashe yaron da jikinsa ba ya karɓarta, ba wasa ba.

Anti Nas
Hajiya, da girman kujerarki, zamanin ya sauya. A lokacinku mutum nawa ne? Kowa ya san kowa. Yanzu cikin 'yan shekarun nan mutanenmu sun shigo da yawa, wasu ta karatu, wasu ta aikin kula da tsofaffi. Bizarsu a rubuce take ƙarara cewa ba su da haƙƙin cin tallafin gwamnati. Mutum ya sayar da fili a gida, ya biya dillali, ya iso nan kamfanin da ya ɗauko shi ya ce babu aiki, ko a ƙwace wa kamfanin lasisi ya bar shi a tsaye. Ba zai iya zuwa ofishin tallafi ba, yana jin kunyar gaya wa 'yan gida. Irin waɗannan su ne suke layi a wurin su Maman Iman, tare da tsofaffin Turawa da 'yan Sudan da 'yan Romaniya. Adashin mata goma ba zai ɗauki wannan ba. Kuma ita kansul ɗin ta san cewa fam dubu huɗun nan araha ce gare ta, domin dokar yara ta 1989 ta ɗora mata kula da yaron da ke cikin ƙunci ko da iyayensa ba su da haƙƙin tallafi. In tukunya ta mutu, a ƙofarta wasunsu za su ƙare.

Kawu Akanta
Wannan magana ta ƙarshe ita ce za ku rubuta a takardar ƙorafi, ba "Allah ya isa" ba. Ku nuna musu da lissafi abin da kuke ɗauke musu.

Abban Sadik
Ni da na dawo Kano shekara uku ke nan ina karanta ku ina murmushi. Wato har takarda ake rubuto muku wata biyar kafin lokaci, a gode muku, a gaya muku dalili? Mu nan ƙananan hukumomi 44 ne a jihar, 774 a ƙasa, ban san wadda take da fom da ƙungiyar unguwa za ta cike ta nemi tallafi a duba a ba ta bisa ƙa'ida ba. Abin da aka saba shi ne ku yi gayya ku je gaisuwa wurin ciyaman, in ya ga akwai ƙuri'a a tare da ku ya sa hannu a aljihu, a ɗauki hoto. Ba tallafin hukuma ba ne, kyautar mutum ce, gobe in ya sauka shi ke nan. Shi kansa ciyaman ɗin kukansa shi ne kuɗin yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, muna nan dai muna zuba ido. Su 'yan agaji da ƙungiyoyin marayu na unguwanni da kuɗin mambobi da na attajirai suke rayuwa tun fil azal.

Ɗan Katsina
Yaya, don naku ya fi lalacewa ba shi ne zai sa mu yi shiru a kan namu ba.

Abban Sadik
Ban ce ku yi shiru ba. Cewa na yi ku gode wa Allah kuna da ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

'Yar Zango
Anti Maman Iman, me ya sa ba za ku nemi tallafin National Lottery, wato cacar ƙasa ta Birtaniya, ba? Suna da tsarin ƙananan ƙungiyoyi, daga fam 300 har zuwa dubu 20, kuma ba sai kun yi rajista da Charity Commission, hukumar da ke kula da ƙungiyoyin jinƙai, ba, in dai kuna da kundin tsari da asusun banki da sunan ƙungiya. Fom ɗinsu ya fi na kansul sauƙi nesa ba kusa ba. Wata ƙungiyar mata 'yan Gana a garinmu da shi suke biyan haya.

Hajiya Babba
A'uzubillahi. Kuɗin caca? Mu dafa wa bayin Allah abinci da kuɗin caca muna neman lada?

'Yar Zango
Hajiya, ba mu ne muka buga cacar ba ai. Kuma kuɗin kansul ɗin da ake kuka a kai, a ciki akwai na lasisin gidajen giya da na shagunan caca. Asibitin da muke zuwa har da harajin barasa da taba ake tafiyar da shi. Ina aka ja layin?

Shugaban Zaure
Jama'a a yi a hankali, kada a fara jifan juna da fatawa. Allah gafarta Malam, kana kusa? Ga tambaya ta zo gidanka.

Malam Na Masallaci
Bismillah. Ina biye da ku tun ɗazu. Caca haramun ce da nassin Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida, wannan babu jayayya. Inda malamai suka rabu shi ne hukuncin dukiyar bayan ta bar hannun mai cacar. Wasu sun ce dukiyar da aka samu ta haramtacciyar hanya, in ba a san masu ita ba, makomarta ita ce maslahar jama'a da talakawa, kamar yadda ake cewa wanda kuɗin ruwa ya shigo asusunsa ya fitar da shi ga mabuƙata ba tare da niyyar lada ba. A wurinsu talakan da ya ci, halal ya ci. Wasu kuma sun ce akwai bambanci tsakanin ka rabu da ƙazantar da ta faɗo maka da ka je da ƙafarka ka nema. Sannan masu ba da kuɗin nan suna so a bayyana cewa su suka bayar, a sa tambarinsu, kuma da irin wannan suke tallata cacar, suna cewa duk wanda ya sayi tikiti ya taimaki al'umma. Ni wannan ne ya fi tsaya min a rai. Game da harajin gwamnati kuwa, 'yata, ba ɗaya ba ne: baitulmali ne da halal ta rinjaya a ciki, wancan kuwa tushensa gaba ɗaya abu guda ne. Ra'ayina shi ne a bar shi matuƙar akwai wata hanya. Ban ce wanda ya bi ɗaya fahimtar ya fita daga addini ba.

Amma ku bar ni in juyo da tambayar kanmu. A zauren nan mu fi ɗari uku. Akwai likitoci, akwai injiniyoyi, akwai masu shaguna. Zakkarmu ina take zuwa? Kusan duka gida ake turawa. Ban hana ba, buƙata a gida ba ta misaltuwa. Sai dai lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu Yaman, cewa ya yi a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. A mazhabarmu ta Malikiyya asali shi ne a raba zakka a inda ta wajaba, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in can sun fi buƙata. Mun riƙe togaciyar mun manta asalin. Ga mutanen da Anti Nas ta siffanta, wanda ya yanke daga dukiyarsa a baƙon gari, ai shi ne ɗan tafarki da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Don cike wannan giɓin aka kafa National Zakat Foundation a 2011, su a cikin Birtaniya suke rabawa.

Maman Iman
Allah ya saka da alheri Malam. To ana iya biyan hayar ɗaki da zakka?

Malam Na Masallaci
A'a 'yar uwa, ni ban ga haka ba. Zakka haƙƙin mutum ce, a damƙa masa ta zama tasa. Haya da inshora da gas, wannan aikin sadaka ne da wakafi. Sayyidina Usman rijiyar Ruma ya saya a Madina ya bar wa jama'a, ba ruwan kwana ɗaya ya raba ba. Kuma masu cin abincinku ba duka Musulmi ba ne, sadaka kuwa ta halatta ga kowa.

Ɗan Katsina
Malam, da girmamawa, ni nan ne nake jin tsoro. Duk lokacin da hukuma ta gudu daga nauyinta sai mu ce to mu koma zakka da sadaka. Su kuma abin da suke so ke nan. Tun zamanin Firaminista David Cameron ake wannan waƙa, wai al'umma ta ɗauki nauyin kanta, alhali rage kuɗi ake yi. Na biya haraji, na biya ƙarin kuɗin lafiya a kan biza, sannan a ce in sake ciro kuɗi in yi aikin da harajin ya kamata ya yi? Sau nawa za a yanki akuya ɗaya? Kuma ku tuna ba da lallami aka samu abincin yara na hutu ba a 2020, sai da ɗan ƙwallon nan Marcus Rashford ya tsaya wa gwamnati a maƙogwaro har ta janye matsayinta sau biyu.

Anti Nas
A nan kam ina bayanka.

Kawu Akanta
Ni ma ban ga saɓani tsakanin Malam da Ɗan Katsina ba, amma bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Maman Iman, shekara huɗu kuna wannan aiki, kun yi rajista?

Maman Iman
Kawu, ba mu yi ba. Muna da asusun banki da takardar tsari mai shafi biyu. An ce mana sai kuɗin shiga ya wuce fam dubu biyar a shekara ake wajabta rajista.

Kawu Akanta
Haka dokar take, amma ku sake lissafi. Dubu huɗu na kansul, ga abin da kuke zubawa ku bakwai duk mako. In ta asusun yake bi, ina zargin kun daɗe da tsallake layin ba ku sani ba. Wannan ɗaya. Na biyu, kuna zubar da kuɗi a ƙasa. Duk mai biyan haraji a ƙasar nan da ya ba ƙungiyar jinƙai da hukumar haraji ta amince da ita fam ɗaya, ya sa hannu a takardar Gift Aid, gwamnati za ta ƙara muku kwabo 25. Ko kuɗin da ake jefawa a bokiti, in kowanne bai wuce fam 30 ba, akwai tsarin da za ku karɓi ƙarin a kansa har zuwa tarin fam dubu takwas a shekara, ba tare da sunan kowa ba. Ku duba: mutum 30 a zauren nan, kowa fam 10 a wata, fam 3,600 ke nan a shekara. Da ƙarin Gift Aid ya zama 4,500. Ya wuce abin da kansul take ba ku. Kuma wannan ƙarin, Ɗan Katsina, harajinka ne ya dawo, ba tare da ka tsaya a gaban wani kansila ba.

Na uku, masu ba da tallafi, har da kansul ɗin, sun fi sakin kuɗi ga wanda ya nuna yana da nasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiyar agaji ta Islamic Relief da kuke gani a duniya, a Birmingham aka fara ta a 1984, Dakta Hany El-Banna da 'yan uwansa ɗalibai, da ɗan abin da ba a kallo. Abin da ya raba su da mu ba yawan imani ba ne, rubutu ne da rasit. Mu kuwa da an ce a kafa amintattu uku a riƙa kai rahoton shekara sai kowa ya ce ba shi da lokaci, in kuma an tambayi ma'aji lissafi ya ce ana zarginsa.

'Yar Zango
Kawu ya taɓo inda yake ciwo. Ƙungiyarmu ta farko a kan wannan ta watse. An tara kuɗin sallah, aka ce a karanto abin da aka kashe, sai kuka da rantsuwa, har yau wasu ba sa gaisawa.

Hajiya Babba
Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Wannan na yarda. Amma fam goman nan, na ga irinta. Wata na farko mutum talatin, wata na huɗu mutum tara, sauran sai "Hajiya wallahi an yi min rasuwa a gida". Kuma gaskiyarsu ne, kowa a nan yana ɗauke da gida biyu ko uku a bayansa.

Kawu Akanta
Shi ya sa ba hannu da hannu za a karɓa ba, Hajiya. Umarni mutum zai ba bankinsa ya riƙa fita da kansa ranar albashi, kamar kuɗin waya.

Abban Sadik
Ku dai kada ku rage na gida don Allah, buhun shinkafa a nan sai wanda ya gani.

Anti Nas
Wani abu kuma Maman Iman. Tallafin da aka yanke daga aljihun kansul ɗin yake, amma akwai kuɗin da gwamnatin tsakiya take bi ta hannunsu da sharaɗin abin da za a yi da shi, ba su da ikon karkatar da shi zuwa cike giɓi. Na abinci da wasannin yara a lokacin hutu yana cikinsu, tun 2021 ake yinsa a duk Ingila, kuma ƙungiyoyin unguwa ake ba su gudanar. Ku da kuke da DBS da takardar tsafta kun riga kun yi rabin tafiya. Sannan ki tambayi kansilolin mazaɓarku, a garuruwa da yawa kowannensu yana da ɗan kason da yake rabawa a unguwarsa. Ba yawa, amma zai iya ɗauke inshora.

Maman Iman
Wallahi ban san da na hutun ba. Kansilarmu kuwa ta taɓa zuwa ta ci dambu har ta nemi ƙari.

Ɗan Katsina
To a tuna mata da dambun. Ni zan rubuta takardar ƙorafin, Kawu ya zuba mata lissafi, Malam ya cire zagin. Amma zaman majalisar sai mun je, ko mu biyar ne. Ana ba jama'a damar yin tambaya, kuma kasafin ba ya zama doka sai sun kaɗa ƙuri'a a kai wajen Fabrairu ko farkon Maris. In muka yi shiru bana, baɗi ɗakin taron za su sa a kasuwa, kamar yadda Birmingham take ta sayar da kadarorinta.

Malam Na Masallaci
Ban hana zuwa ba, neman haƙƙi ba roƙo ba ne. Zan kuma yi magana da kwamitin masallaci ko za a ba ku bokitin Juma'a ɗaya a wata. Ban yi alkawari ba, kun san kwamiti.

'Yar Zango
Ni dai har yanzu ban gamsu a kan na Lottery ba. In Afrilu ta zo ba a haɗa kuɗin haya ba, za ku kalli mutanen nan ku ce musu mun ƙi dubu ashirin saboda tambari? Zan tura miki fom ɗin ta akwatinki, Anti, ki ajiye.

Hajiya Babba
Ki ajiye shi a wurinki, 'yar nan. Maman Iman, ki sa sunana a farkon masu fam goma, na jikata ma zan biya. Ranar da kuɗin caca ya shiga tukunyar ki gaya min in janye.

Shugaban Zaure
Na buɗe jerin suna a saƙon da na maƙala a sama. Zuwa yanzu mutum 11. Ana neman amintattu uku da ba 'yan gida ɗaya ba, Kawu ya ce zai duba lissafi amma ba zai riƙe kuɗi ba.

Maman Iman
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Kawu, zan kawo maka jakar rasit ɗin ranar Lahadi, ka shirya, a leda suke tun na 2022. Asabar ɗin nan dai akwai girki kamar kullum, kuma Maman Hanif tana aikin dare, muna neman wanda zai ɗauko buhun albasa da mota kafin ƙarfe tara.

Ɗan Katsina
Ni ne. A turo min adireshin shagon.